Jinjina ga Iyaye Mata a Hutun Hunturu

Lalle idan watan Disamba ya kama, makarantun boko suka sallami ɗalibai, hazo ya lulluɓe Kano da kewayenta, babu mahalukin da ya cancanci yabo kamar uwa, wadda tun kafin kiran assalatu take hura gawayi, ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, sa'an nan ta bi ƙafafun yara ɗaya bayan ɗaya da man kaɗanya domin kada faso ya kama su. Ita ce mai kiyaye su daga bakin murhu, mai tura su makarantar allo, mai tara su ɗaki da tatsuniya bayan lisha. Haƙiƙa wannan hidima ibada ce. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da mafificin alheri.