Gida da Ƙasar da ta Haife Shi: Sharhi a kan Gine-ginen Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi yamma, ta ratsa Rimin Gado da Garo har zuwa Gwarzo, ko kuwa ya ratse ya shiga Kabo, zai ga gini iri biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A bakin titi ga kantuna da azuzuwa da ofisoshi na bulo da siminti, an rufe su da kwano yana walƙiya a rana. Can ciki kuwa, a lungunan gari da ƙauyuka, ga sauran gidajen ƙasa, launinsu ɗaya da gonar da ke kewaye da su. Galibin mutane sun riga sun yanke hukunci, sun ce bulo shi ne ci gaba, ginin ƙasa kuwa alamar talauci ce. Ya kamata a sake duba wannan hukunci, gama an yanke shi ba a saurari ɓangare ɗaya ba.

A fara da kayan aikin. Maginin gargajiya ba ya aika wa kowa kuɗi a wata ƙasa. Ƙasar da zai yi gini da ita a bayan gari a ke haƙo ta. A kan kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya. Azarar rufi daga giginya ta ke, itacen da gara ba ta cika cinsa ba. Makubar da a ke shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ta ke fitowa. Katsi kuwa daga karofi a ke samunsa, a haɗa shi da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, ya zama laso mai hana ruwa shiga soro. Watau gida guda ya kan ci da manomi, da marini, da majemi, da mai jaki, kuɗin kuma ba ya fita daga garin. In ɗaki ya faɗi, a kan sake kwaɓa ƙasarsa a tayar da wani. In gari ya tashi, kufansa ya kan koma gona mai albarka.

Sa'an nan a dubi tsarin gidan. Zaure ne farko, inda maigida ke karɓar baƙi, malami ke karantarwa, maɗinki ke sana'arsa. Daga nan sai ƙofar gida da shigifa, kuma ba a jera ƙofofin a miƙe, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Tsakar gida ita ce zuciyar wurin: nan a ke daka, da girki, da shanya, da raino, nan a ke shimfiɗa tabarma da dare lokacin bazara. Ga rumbu, ga turken awaki, ga inuwar bishiya. In ɗa ya yi aure a kan yanka masa sashe a tayar da ɗaki, gidan ya riƙa girma tare da gandu. Har mabiyiyar jariri a cikin gidan a ke binne ta. Saboda haka in Bahaushe ya ce gidan ubansa, ba bango kaɗai ya ke nufi ba, yana nufin ƙasar da asalinsa ke ciki.

Akwai kuma hikimar da ta shafi zafi da sanyi. Bangon ƙasa mai kauri ba ya saurin ɗaukar zafi. Rana ta kan yini tana dukansa kafin zafin ya ratsa ciki, in dare ya yi kuma ya saki ɗumin a hankali. Don haka soro ke da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, ya ke kuma da ɗumi da asuba lokacin hunturu. Magina sun san cewa hadari daga gabas ya kan taso, shi ya sa su kan ƙara kula da bangon gabas, su sa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin gini.

To, a gwada wannan da ajin makaranta irin wanda a ke ginawa ko'ina bisa zane guda. Bulon mai rami ne, ba shi da kauri. Kwanon kuwa, in babu silin, da hantsi ya ɗaga sai ɗakin ya zama tanda, yara su yi ta gumi, karatu ya ƙi shiga. In ruwa ya sauko, ƙarar kwano ta danne muryar malami. In iska mai ƙarfi ta zo, sau da yawa ta kan yaye rufin ɗungum. Haka nan gidan zamani da a ke kwaikwayo daga birni: an soke zaure an sa falo, baƙo sai ya ratsa iyali kafin ya zauna, an cinye tsakar gida da ɗakuna, mata sun rasa wurin aiki da shan iska. Laifin ba na siminti ba ne, gama siminti abin aiki ne kawai. Laifin na wanda ya zana ginin ne ba tare da ya tambayi masu zama a ciki yadda su ke rayuwa ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Amma adalci ya hana a ɓoye aibin ginin ƙasa. Yana son yaɓe kusan kowace shekara, yanzu kuwa samarin da ke yin aikin gayya da yawa sun tafi ci-rani. In damina ta yi nauyi, ruwa ya kwanta a gindin bango, gida ya kan rufta, har a yi asarar rai. Kududdufin da aka haƙi ƙasa ya kan zama matattarar sauro. Tagogin tsofaffin ɗakuna ƙanana ne, haske da iska ba su wadata ba. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Wanda ya gudu zuwa bulo saboda waɗannan dalilai ba wawa ba ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikin aibobin nan yana da magani: harsashi na dutse da siminti, rufi mai baki da ya zarce bango, taga mai faɗi, da cike kududdufi ko gyara shi. Abin da ba magani ba ne shi ne shafa siminti a kan tsohon bangon ƙasa, gama ba sa kama juna. Ruwa ya kan shiga tsakaninsu, shafen ya ɓamɓaro, ya bar bangon ya fi dā lalacewa.

Wanda ke shakkar abin da ƙasa za ta iya, ya dubi Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya dubi bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. In ya ce wannan tsohon labari ne, to ga sabo. A Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, wani garin Hausawa a wannan jiha, an kammala aiki a 2018 bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili. Ba su rushe tsohon masallaci ba, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasar wurin wanda aka matse da inji. Magina na gargajiya sun yi aikin tare da masu ilmin zamani.

Wannan tunani bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Ostireliya, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar suna ɗaukar ƙasa tamkar uwa. A 1985 aka mayar wa kabilar Anangu mallakar babban dutsen nan Uluru. Da za a gina musu cibiyar al'adu, wadda aka buɗe a 1995, mai zanen, Gregory Burgess, ya zauna da dattawansu a wurin ya saurare su tukuna, aka kuma yi bangon da tubalin ƙasar yankin. Darasin shi ne, tambaya ta riga zane.

Abin da ya dace da Gwarzo da Kabo ke nan. In za a gina aji, ko ɗakin shan magani, ko rumfunan kasuwa a Getso ko Godiya, a kira tsofaffin magina tun suna da rai, a kira iyaye mata su faɗi inda su ke son inuwa da murhu, sa'an nan injiniya ya kawo nasa ilmin. Mai gina gidan kansa kuma, ko da bulo zai yi, ya bar zaure, ya bar tsakar gida, ya dasa bishiya. Ranar da maginin ƙarshe da ya iya ɗaurin guga ya kwanta dama ba tare da almajiri ba, babu kuɗin da zai sayo wannan sani a kanti. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.