Gwanayen taron safe a makarantun Ingila

A Ingila doka ce ta wajabta taron addu'a na kullum a makarantun gwamnati. Dokar ilimi ta 1944 ce ta kafa shi, ta 1988 kuma ta ƙara da cewa akasarin tarukan su bi salon Kiristanci, ko da yake iyaye na da ikon cire 'ya'yansu. Doka dai tana iya tara yara a zaure ɗaya. Sa su kasa kunne kuwa sai gwani.

Aikin ba ƙarami ba ne. Yaran firamare ne cike da zaure, sun harɗe ƙafa a ƙasa, daga ɗan shekara biyar har ɗan sha ɗaya, wani bai karya kumallo ba, wata ta baro iyayenta suna faɗa. Mai jagora yana da minti goma ko sha biyar kacal.

Waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan sa-kai na shirin Open the Book, wanda aka faro a garin Bedford a 1999, yanzu kuma yake ƙarƙashin ƙungiyar Bible Society. Da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya. Ba sa wa'azi. Sukan yafa mayafi, su ɗaura tawul a ka, su yi wasan kwaikwayo da labari ɗaya daga Littafi Mai Tsarki. A ce labarin Zakka ne, gajeren mai karɓar haraji na Yariko da jama'a suka tsana, wanda ya hau bishiya don ya hango Yesu. Kujera ce bishiyar. A ɗauko yara biyar su zama taron jama'a, su yi ta gunaguni, zaure ya ɗauki dariya.

Gwanintar takan fito ne bayan dariyar ta lafa. Ɗan koyo zai ce, "Wa ba shi da aboki a nan?" Ya kuwa ɓata rawarsa da tsalle, don babu yaron da zai ɗaga hannu ya tona wa kansa asiri. Gwani kan ce, "Me kuke jin Zakka yake ji a ransa yana can sama shi kaɗai?" Sai amsoshi su zubo: kunya, tsoro, kaɗaici. Yaron da ba a wasa da shi lokacin tara ya ji an ambaci ciwonsa a bainar jama'a, kuma ba wanda ya nuna shi da yatsa. Ya kuma ga Yesu ya kira Zakka da sunansa, ya sauka a gidansa. A ganina, darasi guda a kan tausayi ba zai kai wannan shiga rai ba.

Daga nan sai shiru. A makarantun coci da dama akan kunna kyandir, a bar yara su yi tunani. Riƙe wannan shirun na da wuya, domin babba ne kan fara ƙosawa ya cika shi da surutu. Sannan addu'a, wadda ake gabatarwa a matsayin gayyata: wanda yake so ta zama tasa ya ce amin, wanda ba ya so ya zauna cikin natsuwa. A zauren akwai 'ya'yan Musulmi, da na Hindu, da waɗanda gidansu ba a bin wani addini, kuma wannan ladabin ne ke sa kowa ya zauna ba a tauye shi ba.

Akwai kuma aikin da ba a gani. Kafin ya taɓo labarin mutuwa, gwani kan tambayi shugaban makaranta ko akwai yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan. Idan an tashi, yarinya ta raɓo ta fara faɗin abin da ke damunta a gida, zai saurare ta da kyau, ba zai yi mata alkawarin rufa sirri ba, a ranar kuma zai kai maganar ga malamin da makaranta ta ɗora wa alhakin kare yara.