Masu Gina Haɓa da Ƙashin Ƙafa

Idan ciwon daji ya kama dasashi ko ƙarƙashin harshe har ya ci ƙashin muƙamuƙi, likita ba shi da zaɓi sai ya yanke ƙashin ya fitar. Kuma ba daidai bakin ciwon zai tsaya ba, sai ya haɗa da lafiyayyen nama kimanin santimita 1 ta kowane gefe, domin cutar takan yaɗu inda ido ba ya gani. To, a nan gizo ke saƙar. Muƙamuƙi ne ke riƙe da haƙora, shi ke ɗaure da harshe ta gaba, shi ke ba fuska siffarta. Da zarar an cire gabansa sai haɓa ta shige ciki, leɓe ya kasa riƙe yawu, harshe ya zame baya har ya nemi toshe hanyar numfashi. An raba mutum da ciwo, amma an bar shi ba tauna, ba magana mai fita, ba shiga jama'a.

Haka abin ya daɗe yana tafiya. Sigmund Freud, mashahurin masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana, wanda taba ba ta barin bakinsa, ya kamu da kansar baki a 1923. Cikin shekara 16 an yi masa tiyata sama da 30, aka cire masa ɓangaren ganda da na muƙamuƙi, aka ƙera masa wani abin toshi da yake sakawa don raba bakinsa da kogon hanci. Saka shi azaba, cire shi azaba, ci da magana duk da ƙyar, har ya rasu a Landan a 1939. Mutum ne mai hali, manyan likitocin zamaninsa ke duba shi, amma iyakar abin da ilimin lokacin ya iya ke nan.

Yau kuwa akwai likitocin da za su ciro ƙashi daga ƙafar majiyyacin, su ba shi siffar haɓa, su dasa shi a fuska, kuma ya rayu ya haɗe da sauran ƙashin. Cikin ayyukan tiyata kaɗan ne ke neman natsuwa da tsayayyen hannu irin wannan, kuma dukan aikin a kan abu guda ya rataya: gudanar jini.

An daɗe da sanin ɗebo guntun ƙashi daga ƙugu a cike gurbi da shi. Idan gurbin ƙarami ne, naman da ke kewaye kuma lafiyarsa ƙalau, sabbin jijiyoyi kan tsiro su shiga cikinsa ya kama. Amma gurbin da kansa ke bari yakan yi faɗi, baki cike yake da yawu da ƙwayoyin cuta, sannan yawancin masu wannan ciwo sai an yi musu gashi da na'ura bayan tiyata, gashin kuwa yana lalata ƙananan jijiyoyin jini. A irin wannan wuri ƙashin da ba jini a cikinsa ruɓewa yake ko ya narke. Duk mai lambu ya san bambancin reshen da aka karyo aka soka a busasshiyar ƙasa da dashen da aka ciro da saiwarsa. Abin da likitocin ke yi ke nan: su ciro ƙashin tare da jijiyar da ke kawo masa jini da wadda ke kwashe shi, su jona su da jijiyoyin wuya.

Jonawar ce ta ci shekaru kafin ta samu. Alexis Carrel, Bafaranshe, ya karɓi kyautar Nobel a 1912 kan dabarar ɗinke jijiyoyin jini, amma manya-manya. Sai a 1960 Julius Jacobson na Amurka ya nuna cewa da madubin tiyata mai ƙara girma ana iya ɗinke jijiyar da kaurinta bai kai milimita 2 ba. A 1975 Ian Taylor na birnin Melbon a Ostareliya ya ciro siririn ƙashin ƙwauri da jijiyoyinsa ya cike gurbin ƙashi a ɗaya ƙafar majiyyaci. A 1981 likitocin ƙasar Sin, Yang Guofan da abokan aikinsa, suka bayyana dashen fatar sangalin hannu, wadda saboda laushinta ta zama abin gyaran harshe da cikin baki. Sannan a 1989 David Hidalgo na asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering a Niyok ya wallafa sakamakon gina muƙamuƙi da siririn ƙashin ƙwaurin nan. Daga nan hanyar ta bazu a duniya.

Me ya sa aka zaɓi wannan ƙashi? Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙashi biyu ne: babba, mai ɗauke da kusan duk nauyin jiki, da siriri a gefen waje, wanda likitoci ke kira fibula. Siririn yana da ƙarfi da tsawo, ana iya samun kusan santimita 25 daga gare shi. Akan bar kimanin santimita 6 ta ƙasa don idon sawu ya zauna daram, a bar kamar haka ta sama inda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta zagaya. Bayan makonni mutum yakan taka ƙafarsa ya ci gaba da harkokinsa. Sai dai kafin a taɓa ƙafar sai an ɗauki hoton jijiyoyinta. Manyan jijiyoyi uku ke kai jini ƙasa, ɗaya za a ɗauke, don haka dole a tabbatar biyun da suka rage za su iya riƙe ƙafar. Wasu an haife su ne da jijiyar nan a matsayin babbar hanyar jinin ƙafarsu, wasu kuma taba ta riga ta tsuke musu sauran. Irin waɗannan sai a nemo ƙashi daga ƙugu ko allon kafaɗa.

Ranar aiki, wadda kan ci awa 8 zuwa 12, ayari biyu ke tsayawa kan mutum ɗaya, likitan sa barci kuma yana gefe yana tsaron numfashi da bugun jini. Na sama suna cire ciwon da kaluluwar wuya, suna lallaɓa jijiyoyin da za a yi jona da su. Sukan yanko ɗan nama daga gefunan ramin su aika wa likitan gwajin nama, ya daskarar da shi ya duba, cikin kamar rabin awa ya aiko amsa: nan ya fita, can a ƙara yanka. Na ƙasa suna kan ƙafa, suna raba ƙashin da tsoka sannu a hankali, tare da wani yanki na fata da zai rufe cikin baki. Wannan fata wasu jijiyoyi sirara ke ciyar da ita, in aka tsinke su ta tashi aiki.

Daga nan sai sassaƙa. Ƙashin miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe, don haka sai a sa ƙaramin zarto a yanka shi gida biyu ko uku, a cire 'yan tsinke-tsinke a mahaɗa don ya karyo daidai kwanar haɓa. Ana yankan ana kāre jijiyar da ke kwance a jikinsa, domin duk guntun da ya rabu da ita ya mutu. Sai a ɗaure guntayen da siririn ƙarfen titaniyam da 'yan sukurori. Awon ba ya son kuskure, saboda haƙoran da suka rage dole su haɗu da na sama kamar dā. Kaucewar milimita biyu kacal mutum zai ji ta duk lokacin da ya kai loma. A manyan asibitoci yanzu akan tsara yankan a kwamfuta tun kafin ranar, a buga ma'aunan roba da za su nuna wa zarto hanya. Da yawa sukan gama sassaƙar tun ƙashin yana maƙale da jijiyarsa a ƙafa, domin da an datse ta agogo ya fara: 'yan awanni kaɗan nama ke jurewa ba jini.

Yanzu aka zo wurin da gwani ke nuna kansa. Likitan zai zauna, ya kafa gwiwar hannu da tsintsiyar hannu kan abin tokare, ya sa ido a madubi. Yatsu kaɗai ke motsi. Gabansa bakin jijiya biyu ne, kowace kaurinta milimita 2 zuwa 3, an matse su da 'yan ƙananan maƙalai. Zai share yaɗin da ke bayansu, ya wanke cikinsu da ruwan maganin hana daskarewar jini, sannan ya ɗauki allura da hantsaki. Zaren ya fi gashin kai siranta, in ya faɗi kan zane ba a ganinsa. Ɗinki kamar 8 zuwa 10 zai zagaya da shi, tazararsu ɗaya. In ya ja da ƙarfi bangon ya yage, in ya sassauta jini ya tsiyaye, in allurar ta haɗo bangon baya jijiyar ta toshe. Wasunsu ko gahawa ba sa sha a safiyar aiki don gudun rawar hannu. Kafin a bar mutum ya kai nan sai ya sha ɗinke jijiyoyin cinyar kaza, da kuma na ɓera waɗanda ba su wuce milimita 1 ba, har hannunsa ya faɗa. Idan an gama sai a saki maƙalan, kowa ya zuba ido. Jijiyar ta cika ta soma harbawa, fatar da ta yi fari fat ta fara ja, gefenta ya tsatso jini.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gudan jini yakan toshe ɗinkin, galibi cikin kwana biyu zuwa uku na farko, kuma jijiyar da ke kwashe jini ta fi yawan toshewa. Shi ya sa nas ke zuwa duk awa ɗaya, dare da rana, da tocila a hannu. Ta duba launin fatar, ta danna da yatsa ta ga ko jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku, ta ɗora 'yar na'ura ta saurari bugun jijiyar. In ta yi shakka sai a tsikari fatar da allura. Jan jini mai haske ya fito a hankali, lafiya lau. Baƙin jini ya ɓulɓulo da sauri, hanyar fita ta toshe. Ba jini sam, hanyar shiga ce. Ita ke lura kada igiyar bututun numfashi ta matse wuya, kada kan majiyyaci ya karkace ya naɗe jijiyar. In ta farga da wuri aka koma tiyata, sau da yawa ana ceto dashen. Da wannan tsaro ne cibiyoyin da suka ƙware ke samun nasara a sama da kashi 95 cikin 100.

Kada a ɗauka gyaran fuska kaɗai ke nan, domin aikin yana da hannu a tsawon rai. Likitan da ya san akwai mai cike gurbi ba ya tsumulmular yanka, cire ciwo da tsabtataccen gefe kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke hana shi dawowa. Dashen mai jini yana warkewa da wuri, sai a samu fara gashi cikin mako 6 kamar yadda ake so. Manyan bincike guda biyu da aka wallafa a 2004, ɗaya daga Turai ɗaya daga Amurka, sun nuna amfanin haɗa gashin da maganin sisfilatin, musamman ga wanda aka samu ragowar ciwo a gefen yanka ko cutar ta fasa kaluluwa ta fito. A 2015 kuma asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya ya nuna cewa cire kaluluwar wuya tun farko, ga masu ƙaramar kansar baki, ya kai waɗanda ke raye bayan shekara 3 zuwa kashi 80 cikin 100, alhali cikin waɗanda aka jira sai kumburi ya bayyana kashi 67.5 ne.

Mu ma muna da buƙatar masu wannan hannu. Ƙarin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma, wanda ba kansa ba ne amma yana cinye ƙashi, yana cikin waɗanda asibitocin koyarwa na Najeriya suka fi gani, kuma yakan kama matasa. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999, inda ake ɗauko nama daga wani sashe na jiki a gyara fuskar da cutar ta ci. Madubin tiyata da zarensa da horar da likitoci da nas-nas abubuwa ne da ya kamata hukumomin lafiya su sa a gaba.

Nauyin da ke kanmu mu jama'a ya fi wannan sauƙi. Taba, ta sha ce ko ta cusawa a baki, da giya, su ne manyan masu jawo kansar baki. Miki a harshe ko dasashi da ya wuce mako 3 bai warke ba, fari ko jan tabo da ya ƙi gogewa, haƙorin da ke girgiɗi ba dalili, kumburi a wuya ko a muƙamuƙi ko da ba ya ciwo, duk a kai su asibiti a duba, a bar jiran sai an gama gwada jiƙe-jiƙe. Wanda ya je tun ciwon yana ƙarami, sau da yawa ɗan yanka kaɗan ya ishe shi, ba sai an taɓa ƙafarsa ba.