Na'urar da ake cewa tana gyara ɗaki: ɗakin kuwa yana nan yadda yake

In ka sayi amfilifayar Denon ko Marantz a 'yan shekarun nan, za ka tarar da wani ɗan ƙaramin makirufo a cikin kwalin. Ana so ka kafa shi inda kake zama, ka latsa maɓalli, lasifikoki su yi ta fitar da wata ƙara kamar fito, sannan na'urar ta ce maka ta gama "gyara ɗakin". Tsarin da ke cikin waɗannan biyun sunansa Audyssey. Yamaha na da nata mai suna YPAO, kamfanin Dirac na birnin Uppsala a Suwidin na da Dirac Live, Sonos kuma ta fito da Trueplay a 2015, wanda kake zagaya ɗaki kana kaɗa wayarka sama da ƙasa kamar mai korar sauro. Fasahar gaskiya ce, kuma tana da amfani. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne sunan da aka laƙaba mata, da irin tsammanin da sunan ke sa wa mai saye.

Bari mu fara da abin da ɗaki ke yi wa sauti. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan ɗaya idan iska na da ɗumin digiri 20. Idan ya bugi bango sai ya dawo, ya haɗu da wanda ke tahowa a bayansa. A wasu muryoyin haɗuwar nan kan ƙara ƙarfi, a wasu kuma ta kashe shi. Lissafin ba wuya: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Falo mai tsawon mita 5 zai riƙa gunji a wajajen 34 Hz, wato kaɗawa 34 a sakan. Faɗin mita 4 zai ba ka 43 Hz, tsayin mita 3 kuma 57 Hz, ga kuma ninkin kowannensu. Wannan duk yankin kaurin sauti ne, abin da samari ke kira bes. Jingina da bango za ka ji 34 Hz ɗin nan har cikin ƙirjinka. Dawo tsakiyar falon, sai ka neme shi ka rasa. Wufa ɗaya ce, waƙa ɗaya ce, kujera kawai ka sauya.

To me na'urar ke yi? Tana auna abin da ya iso makirufo, ta kwatanta da abin da ya kamata ya iso, sannan ta sauya siginar kafin ta kai ga lasifika: ta rage nan, ta ƙara can, ta jinkirta wannan lasifikar da 'yan kashi kaɗan cikin dubu na sakan don ta yi daidai da waccan. Ka lura, bango bai motsa ba. Tayil ɗin ƙasa yana nan. Waƙar aka lanƙwasa don ta dace da lanƙwasar ɗakin, a daidai wurin da makirufo ya tsaya.

Inda wannan dabara ke aiki, tana aiki sosai, kuma ba za mu rage mata komai ba. Idan ɗakinka na kumbura 43 Hz da desibel 10, duk lokacin da mai jita ya taɓa wannan muryar sai ta danne sauran kiɗan ta kuma yi ta jan gunji. Rage ta da tacewar da ta dace, kumburin zai sauka, gunjin ma ya ragu. Daidaita nisan lasifikoki da ƙarfinsu, da haɗa wufa da sauran, aiki ne da na'ura ta fi kunnen yawancinmu iyawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka kunna ta.

Matsalar farko tana ramin. Inda igiyoyin sauti biyu ke kashe juna, in ka ƙara ƙarfin mai tafiya ka ƙara ƙarfin mai dawowa, su ci gaba da kashe juna. Zuba ruwa ne a kwando. Kuma ba kyauta ba ne: ƙarin desibel 3 na buƙatar ninki biyu na wutar amfilifaya, desibel 6 ninki huɗu, desibel 10 ninki goma. Shi ya sa tsare-tsaren kirki ke taƙaita yawan ƙarin da za su yi. Wanda kuma ya ɗauki ikwalaiza da hannunsa ya nace sai ya cike ramin, wufarsa yake gasawa. Maganin rami shi ne matsar da kujera, ko matsar da wufa, ko ƙara ta biyu. Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna tun farkon shekarun 2000 cewa wufa biyu ko huɗu da aka jera a wuraren da suka dace na sa kaurin sauti ya yi kusan iri ɗaya a kujeru da yawa. Bayan an samu hakan ne gyaran na'ura ke amfanar kowa a falon, ba mai gida kaɗai ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ce 'yan talla ba sa son a taɓo. Akwai wata iyaka da ake kira da sunan masanin kimiyyar sauti ɗan Jamus, Manfred Schroeder. A falo irin wanda muka kwatanta tana faɗawa wajajen 200 Hz. Ƙasa da ita, ɗakin ne ke mulki, da 'yan muryoyin gunjinsa da za ka iya ƙirgawa. Sama da ita, sautin da ke dawowa daga bango ya yi yawa ya cakuɗe, tsawon igiyar kuma ya gajarce. A 10,000 Hz bai kai santimita 4 ba. Ka juya kanka kaɗan, awon ya sauya. Me aka gyara ke nan? Audyssey na sa ka auna wurare har takwas don ta ɗauki matsakaici, kuma hakan ya fi awo ɗaya nesa ba kusa ba, amma matsakaicin ba kujerar kowa ba ce.

Sannan makirufo ba kunne ba ne. Kunnuwanka biyu da ƙwaƙwalwarka suna bambance sautin da ya fara isowa kai tsaye da wanda ya biyo baya daga bango, suna kuma ba na farkon fifiko wajen gane inda sauti ya fito. Makirufo ɗaya tilo kuwa tattara su yake yi a jaka ɗaya. A ce lasifikarka na fitar da sauti mai kyau ta gaba, amma ta gefe tana da rauni a wasu muryoyi. Awon zai nuna rami, na'urar ta cike shi, sai ta ɓata sautin gaban da tun farko lafiyarsa ƙalau. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana bincike a Cibiyar Bincike ta Ƙasa ta Kanada kafin ya koma Harman, ya daɗe yana jan kunne kan wannan, har a littafinsa Sound Reproduction na 2008: ikwalaiza ba ta sauya yadda lasifika ke watsa sauti a ɗaki.

A 2009 Sean Olive da abokan aikinsa a Harman sun sa ƙwararrun masu sauraro su gwada irin waɗannan na'urori ba tare da sun san wacce ke kunne ba. Wasu sun fi rashin gyara daɗin ji, wasu ba su fi ba. Masu sauraron kuma sun fi son awon da ke gangarowa a hankali daga kauri zuwa siriri, ba miƙaƙƙen layi ba. Eh, Harman ma kayan sauti yake sayarwa, sai ka riƙe wannan a ranka. Amma batun gangarowar nan shi ke bayyana ƙorafin da mutane da yawa ke yi cewa bayan gyara sautinsu ya zama siriri, bes ya gudu.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Falo mai tayil, bangon siminti, tagogin gilashi, babu darduma: tafa hannu ka ji yadda ƙarar ke daɗewa. Wannan amsa-kuwwar babu tacewar da za ta shanye ta. Kafet mai kauri, labule mai nauyi da kujerun kushin za su yi wa muryar mai karanta labarai abin da Dirac ba zai yi ba, ko da yake su ma ba sa taɓa 43 Hz, don igiyarsa ta kai mita 8. Kuma don Allah kada ka yi awon janareta na ruri a bayan taga ko fanka na juyawa. Makirufon bai san ba daga lasifika ƙarar ke fitowa ba.

Idan na'urarka na ba da dama, kamar yadda Dirac Live da manhajar wayar Audyssey ke bayarwa, taƙaita gyaran zuwa ƙasa da 300 ko 500 Hz, ka bar na sama yadda maƙerin lasifikar ya tsara shi. Manhajar REW ta John Mulcahy kyauta ce, da ita da makirufon awo irin UMIK-1 za ka ga da idonka abin da aka yi wa sautin, maimakon zanen "bayan gyara" da na'urar ke nunawa, wanda sau da yawa hasashe ne, ba sabon awo ba. In za ka kwatanta kunne da kashe, daidaita ƙarfin su biyun tukuna, don wanda ya ɗan fi ƙara kusan kullum shi kunne ke zaɓa. Kuma ka fara gwajin da muryar mutum wadda ka sani sosai, kafin ka sa fim mai fashe-fashe.