Hannun 'Yan Wasa a Ginin Duniyar Labari: Nazari a kan Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba wata matsala da ta taso a wasan kwaikwayo na kan tebur, watau wasan da mutane kaɗan ke zama, kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da bakinsa, ana jefa 'ya'yan lido don yanke abin da zai faru. Matsalar ita ce: wa ke da ikon ƙaga duniyar da labarin ke gudana a cikinta?

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ikon yana hannun jagoran wasa. Shi ke zana taswira ya ɓoye, shi ya san abin da ke bayan kowace ƙofa. Matsayinsa ya yi kusa da na mai ba da tatsuniya, sai dai nasa masu sauraron su ne taurarin labarin.

Daga baya aka sami masu sassauta wannan tsari. A Apocalypse World na Vincent Baker (2010) an hana jagora tsara labari tun kafin zama. Aikinsa shi ne ya riƙa yi wa 'yan wasa tambayoyi, ya yi gini a kan amsoshinsu. Ben Robbins kuwa, a Microscope (2011), ya soke kujerar jagora ɗungurungum. 'Yan wasa ke amincewa da farkon tarihi da ƙarshensa, su jera abin da suka yarda ya shiga da wanda suka haramta, sa'an nan kowa ya riƙa rubuta zamani ko aukuwa a kan kati, gaba ko baya, duk inda ya ga dama.

Amfanin wannan a fili yake: garin da mutum ya raɗa wa suna da kansa, ba zai zuba ido a ƙone shi ba. Amma a ganina masu yabon tsarin sukan tsallake asarar da ke cikinsa. Daɗin tsohon zubi yana cikin ɓoyo, kuma wanda ya binne tukunyar zinariya da hannunsa ba zai yi mamaki ba ranar da ya tono ta. Akwai kuma mai kaifin baki, wanda in aka buɗe fage sai ya mamaye shi, mai kawaici ya koma ɗan kallo.

A nan ne Robbins ya yi hikima, domin ya hana shawara idan layi ya zo kan mutum: shi kaɗai zai ƙaga, sauran su karɓa. Ta haka ɓoyon da ya bar hannun jagora ya koma cikin zukatan abokan zama, kowa bai san abin da na kusa da shi zai ajiye ba. Sai dai Microscope ba ya barin ɗan wasa ya daɗe da tauraro guda, don haka maganin nasa bai kai ga wasannin da akan shekara ana bin jarumi ɗaya ba.