Gumakan Tagulla A Fim Ɗin Indiya

Tun daga Kazaure har Babura, Roni da Gwiwa, da wuya ki sami gidan da ba a taɓa kallon fim ɗin Indiya ba. Mun san jarumai, mun haddace rawa, amma akwai abin da muke gani kusan a kowane fim ba mu taɓa tambayar ma'anarsa ba, wato gumakan tagulla da suke ajiyewa a lungun ɗaki, a rataya musu furanni, a kunna musu fitila.

Mu Musulmi ne, bautar gunki ba hanyarmu ba ce, wannan ba ya bukatar dogon bayani. To amma sanin abu daban, bautarsa daban, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Dubi wanda suke kira Nataraja, siffar Shiba yana rawa cikin da'irar wuta da hannu huɗu. Hannu ɗaya riƙe da 'yar ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu, alamar farkon halitta a wajensu. Ɗaya riƙe da wuta, alamar ƙarewar duniya. Na uku a ɗage, tafin yana kallonki, wai kada ki ji tsoro. Ƙafarsa kuwa ta danne wani wada, shi ne jahilci. Mai kan giwa, Ganesha, shi suke roƙo ya kawar da cikas idan za su soma sabon abu. Lakshimi kuma, wadda ke kan fure mai kama da bado, ita ce ta dukiya.

Laifin da nake gani a nan na marubutanmu ne da masu shirya fim. Tun daga Turmin Danya a 1990 fim ɗin Hausa ya bunƙasa, daga baya aka yi ta kwaso rawar Indiya ana liƙawa a labarin Hausa. Alhali wata rawar tasu daga ɗakin bauta ta fito, kowane lanƙwasa yatsa da abin da yake nufi. Yaya za a yi ka kwaikwayi motsin da ba ka san abin da yake faɗa ba? Wasu masu fassara ma da sun ga gunki sai su mai da wurin barkwanci, mai kallo ya tashi bai gane me ya sa jarumar take kuka a gabansa ba.

Sannan ga abin da ya kamata mu ɗauka muka bari, wato riƙon sana'a. A garin Suwamimalai da ke kudancin Indiya har yau ana zuba waɗannan siffofi yadda aka yi tun zamanin sarakunan Chola, shekara kusan 1000 da suka wuce: a ƙera siffar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Haka maƙeran Ife da Bini suka yi nasu. Wajen wanki kuwa, da tsamiya ko lemun tsami da gishiri suke dirzawa, su goge tas kada danshi ya sa ta yi kore.

Ashe ba haka kakanninmu suke wanke tasa da munduwa ba? Yau ina tasoshin? Roba ta kore su daga jeren amarya, maƙerin fari kuma ya rasa magaji.

Don haka 'yan'uwana marubuta, in za mu yi aro daga Indiya mu fara da tambaya, mu bar musu gumakansu, mu koyi yadda suke tattalin aikin hannun iyayensu. Allah Ya sa mu gane, amin.