Atamfar 8 ga Maris: Hoton Wa Muke Ɗaurawa?

Duk shekara kafin watan Maris ya kama, kasuwar Garwa takan cika da atamfar da ake bugawa don Ranar Mata ta Duniya. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, kowace da nata ɗinkin, amma zanen ɗaya ne. A ganina hoton da ya shiga gidaje haka ya cancanci nazari irin wanda muke yi wa littafi.

Mu fara da zanen. Yawanci hotunan mata ne a bakin aiki, an kewaye su da taken shekarar cikin Faransanci da Ingilishi. Hoton ba ya magana da kansa, rubutu ke jan sa kamar raƙumi da akala. Bafulatana mai tallan nono da Bahaushiya mai tuyar ƙosai sai su ɗaura saƙon da ba da harshensu aka rubuta ba.

Sai batun masu aikin. A gonakin arewacin Kamaru ake noman auduga. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, mai hedikwata a Garwa, shi ke saye ya gurje ta. Masaƙar CICAM kuwa, da aka kafa a 1965, ta raba aikinta biyu: kaɗi da saƙa a Garwa, buga zane a Duwala. Wato a da arewa ke ba da farin ƙyalle, kudu ke yi masa fuska. Ka duba bakin atamfar, za ka ga sunan kamfani, amma babu na wanda ya zana, balle na matar da ta tsinci audugar cikin rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A shekarun 1930 masanin nan Bajamushe Walter Benjamin ya ce idan inji ya maimaita hoto, kwarjininsa kan gushe. Ni dai ina ganin telolin Garwa suna mayar da shi, domin yanka da ɗinki ke bambanta rigar Asabe da ta Fadimatu. Su ma ba a ambatonsu.

Littafi komai ƙanƙantarsa yana ɗauke da sunan marubuci da na maɗaba'a. Ina roƙon masu buga atamfar nan su sa sunan mai zane a bakinta, su kuma ba Fulatanci da Hausa gurbi ko da layi ɗaya ne. Allah ya sa su ji.